Fayil ɗin Hajiya: wata 22 ana rubuta mata sanyi, ashe N95.2 ne

Ni ma'aikaciyar rekod ce a wani asibiti nan Zariya, ɗakin kati dai kamar yadda mutane ke kiran wurin. Da yawa sun ɗauka miƙa kati ta taga ne kawai aikinmu, amma bayan an tashi kilinik zama muke yi da tarin fayil-fayil mu karanta abin da likita ya rubuta, mu nemo lambar cutar a littafin ICD-10, wato kundin da ya ba kowace cuta lambarta, mu shigar a rajista. Wannan labarin wata baiwar Allah ne da fayil ɗinta ya biyo ta hannuna, na nemi izininta kafin in rubuta, ta ce in rubuta ko wata za ta amfana amma kar in kama suna, don haka Hajiya kawai zan ce, unguwarsu ma ba zan faɗa ba, a cikin birni dai take.

Hajiya shekararta 57, malamar firamare ce, haihuwa takwas shida na raye. Fayil ɗinta ya yi kauri har sai da muka ɗaure shi da roba. Cikin wata 22 ta zo sau bakwai kuma kusan kuka ɗaya ne kullum, zafin fitsari, yawan jin fitsari ko da ɗan kaɗan ne zai fito, ƙaiƙayi da raɗaɗi a gaba, wani lokacin ɗan ruwa-ruwa mara wari. Abin da likitoci daban-daban suka rubuta shi ne "?UTI" sau huɗu, "vaginitis" sau biyu, "candidiasis" sau ɗaya, mu kuma a ɗakin kati muka bi sahu, N39.0 na cutar hanyar fitsari, N76.0 na kumburin farji, B37.3 na farin ƙaiƙayin nan na yis. Huɗu daga cikin bakwai ɗin da hannuna na rubuta su, kuma ban taɓa juya shafi baya na ga abin da ya gabata ba, wannan yana damuna har yanzu.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne a ƙa'idar aikinmu ba a yi kuskure ba ko sau ɗaya. ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya littafi uku ne, na ɗaya jerin cututtuka da lambobinsu, na biyu ƙa'idojin aiki, na uku fihirisa ta haruffa. In likita ya rubuta "vaginitis" tsura bai ƙara komai ba, fihirisa N76.0 za ta kai ka, shikenan. In kuma ya sa alamar tambaya a gaban cuta kuma aka sallami mara lafiya ba wani ƙarin bayani, littafi na biyu cewa ya yi a ba ta lamba kamar an tabbatar, shi ya sa "?UTI" ke zama N39.0 a rajistarmu ko da ba a ga ƙwayar cuta ko ɗaya ba. A Amurka da suke amfani da nasu gyararren, ICD-10-CM, ba haka suke yi wa wanda ba a kwantar ba, su alamar da mutum ya zo da ita suke ba lamba har sai an tabbatar, kuma ni a ganina nan wurin sun fi mu dabara. Amma a ƙasan kan N76 ɗin akwai ɗan layi da ya ce ban da kumburin da tsufa da ƙanƙancewar fata ke kawowa, wannan a duba N95.2. Layin nan yana nan tun da aka fara aiki da littafin a 1994, sai dai ba zai yi maka amfani ba in ba a rubuta maka kalmar da za ta kai ka can ba.

Ranar da na farga lokacin hunturu ne, ba wuta, na jawo kujera kusa da taga don in ga rubutu. Ina cire robar sai wasu takardun lab da aka maƙale a bangon baya suka zubo, fil ɗin ya yi tsatsa har ya bar jan tabo a kusurwarsu, an ninke su biyu alamar ba wanda ya buɗe tun da aka kawo. Gwajin fitsari na shuka, wanda ake yi don a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, guda uku, duka ba abin da ya tsiro. Suwab ɗin gaba, wato ruwan da ake dangwalowa da auduga a auna, guda ɗaya, ba yis, ba ƙwayar tirikomonas. Sugan jini lafiya lau. Sai na koma shafin farko na bi ziyara bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya ina neman abu guda, yaushe al'adarta ta ɗauke, wallahi babu, ko layi ɗaya babu, wurin da ake rubuta ranar al'adar ƙarshe an ja masa ɗan layi an wuce. Kuma ba inda aka rubuta an duba ta da ido, duk daga baki ne zuwa takardar magani. Magani kuwa ta sha, ciprofloxacin, Flagyl, fluconazole, na matsi, allura, wasu har sau biyu sau uku.

Toh ni ba likita ba ce, kuma wannan iyaka ce da ba ma tsallakewa, mai ba da lamba ba ya ƙirƙiro cuta ko da kuwa yana ganinta ƙuru-ƙuru, abin da ke hannunsa shi ne ya tambaya, tambayar ma ba wadda za ta sa wa likita magana a baki ba. Na yago 'yar takarda na rubuta, Dakta don Allah mara lafiyar nan shekara 57, ba a rubuta halin al'adarta ba, shukar fitsari uku da suwab ɗaya ba su nuna komai ba, ko za a fayyace mana irin kumburin da kuma dalilinsa don mu sa lambar da ta dace. Na maƙala a gaban fayil na kai da kaina. Likitan matashi ne, ya karanta ya yi shiru ya ce, gaskiya ban taɓa ganin takardun nan ba, in ta dawo a kawo ta wurina kai tsaye. Ban ga laifinsa can-can ba, wanda ya taɓa ganin layin safiyar Litinin a sashen marasa lafiya na waje ya san ba a samun minti biyar cikakke da mutum ɗaya, ga shi namiji ne sa'an ɗanta, ita kuma ba za ta buɗe baki ta faɗa masa abin da ke can ƙasan ranta ba.

Bayan kamar sati uku sai ga ta a taga da katinta cikin leda. Na ce Mama ina kwana, ya jiki, ta ce da sauƙi 'yata, sanyin nan ne dai ya ƙi barina. Na ce Mama yau sai kin fara ganin Sista kafin likita, na zagayo na kai ta wurin wata nas ɗinmu dattijuwa wadda ita ma ta haura hamsin, Sista ta rufe ƙofa ta zauna kusa da ita ba bayan tebur ba. Abin da ya fito a zaman nan, wanda Hajiya ta maimaita min da bakinta daga baya, ya fi duk abin da ke cikin fayil yawa.

Al'ada ta ɗauke mata tana da 49, shekara takwas kenan. Zafin jiki da gumin dare sun zo sun wuce. Amma tun wajen shekara huɗu baya ni'ima ta ɗauke gaba ɗaya, kwanciyar aure ta koma kamar ana yanka ta da reza, bayan nan kwana biyu tana jin fitsari kamar barkono. Da ta ji ana ta cewa infekshan ne sai ta ɗauka ƙazanta ce, ta ƙara ƙaimi wurin tsafta, tsarki da ruwan zafi da Dettol, zama cikin ruwan bagaruwa, alif, har da wani matsi da ta saya wurin mai kayan mata a gidan biki, kuma duk waɗannan ƙara busar da wurin suke yi suna ƙona fatar da dama ta yi laushi. Maigida ma an ba shi magani sau biyu wai kar ya riƙa mayar mata. Daga nan zargi ya shiga gidan, ita tana ganin daga ɗakin amarya ake kwaso mata, amarya tana ganin an ɓata mata suna, suka yi wata da watanni gaisuwa kawai ke haɗa su. Ƙarshe Hajiya ta yafe kwananta ta ce ita ta girma, alhali ba girma ba ne, tsoro ne. Sannan abin da ta ɓoye wa kowa, sau uku tana ganin ɗigon jini a kamfai, har ta rikice ko ta yi sallah ko ta bari, ta tambayi malamarsu ta Islamiyya amma ba ta taɓa faɗa wa likita ba, ta ce ai ba a tambaye ta ba.

Jin maganar jinin nan Sista ta miƙe. A ranar aka tura ta kilinik ɗin mata, kuma aka yi sa'a likita mace ce ke zaune.

Rubutun da likitar nan ta yi shi nake so duk mai rubutu a fayil ya gani, bai kai shafi ɗaya ba amma ba abin da na nema na rasa. Ta rubuta shekarun Hajiya, shekarar da al'ada ta ɗauke da cewa da kanta ta ɗauke, ba a yi mata aikin cire mahaifa ko ƙwai ba, ba a taɓa yi mata gashin cutar kansa ko ba ta maganin cutar ba, ba tarihin kansar nono ko daskarewar jini, ba ta shan wani maganin homon. Ta jera kukan da tsawon lokacin kowanne. Sai abin da ta gani da ido, fatar ciki ta koɗe ta yi sumul ta rasa ninki-ninkinta, a bushe, da ɗigo-ɗigon ja, tana fidda jini da an ɗan taɓa, ƙofar ta tsuke har sai da aka nemo ƙaramin ƙarfen dubawa, ba farin tabo ko gyambo a waje, bakin mahaifa ba wani tsiro. Ta ɗora 'yar takardar awon tsami ta rubuta pH 6. Sannan a ƙasa da manyan baƙi, "postmenopausal atrophic vaginitis", wato bushewa da kumburin farji bayan ɗaukewar al'ada, da kuma jini bayan ɗaukewar al'ada wanda za a bincika. Ta sa hannu ta sa kwanan wata da sunanta yadda za a iya karantawa.

Ga abin da ke faruwa a jiki kamar yadda ta yi wa Hajiya bayani da Hausa. Sinadarin istrojin da ƙwan mace ke samarwa shi ke sa fatar farji ta yi kauri da danshi da taushi, kuma yana sa ta tara wani irin sukari da ake kira gilaikojin, wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, laktobasilai, su ci su mayar da shi tsami, shi ya sa pH na mace mai al'ada yake tsakanin 3.8 da 4.5, tsamin nan shi ne mai gadin wurin. In al'ada ta ɗauke, wato an yi wata 12 cur ba a gan ta ba, wanda ga yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55 ne, istrojin ya ja baya, fata ta yi siriri, jini ya rage zuwa, tsami ya tafi pH ya haura 5. Mafitsara da hanyar fitsari su ma da istrojin suke aiki, don haka mace za ta ji zafin fitsari da matsuwa ba tare da ƙwayar cuta ba, kuma a wani lokacin ta kamu da cutar fitsarin ta gaske akai-akai saboda gadin ya tafi. Gumin dare yakan lafa da kansa, wannan kuwa ba ya lafawa, gaba yake yi in ba a yi magani ba. Sunan ma yana da nasa laifin, wannan wutsiyar ta "itis" tana sa mutum ya ɗauka ƙwayar cuta ce ya kai hannu ga kafso, shi ya sa a 2014 ƙungiyoyi biyu na masana, ta Arewacin Amurka kan ɗaukewar al'ada da ta ƙasa da ƙasa kan lafiyar auratayyar mata, suka amince da sabon suna, GSM a taƙaice, wanda ya haɗa gaba da mafitsara wuri ɗaya. Sai dai sunan nan ya zo bayan littafinmu, in likita ya rubuta GSM kawai ba za ka same shi a fihirisar da ke kan teburina ba, ni dai komawa nake yi in roƙi ya ƙara da tsohon sunan.

Yanzu maganar lamba. Rukunin N95 yana babi na 14, cututtukan mafitsara da al'aura, kuma 'yan gida ɗaya ne masu kama da juna. N95.0 jini bayan ɗaukewar al'ada, N95.1 su gumin dare da zafin jiki da rashin barci, N95.2 namu, N95.3 kuma duk abin da ya biyo bayan ɗaukewar da aka jawo, kamar wadda aka cire wa ƙwai biyu ko aka yi wa gashin cutar kansa. Kinga dalilin da layin nan na "da kanta ta ɗauke" yake da nauyi, da an cire wa Hajiya ƙwai ne, ko da alamun iri ɗaya ne sak, N95.3 za ta tafi a littafin Hukumar Lafiya ta Duniya, 'yan Amurka su ba su da wannan lambar a nasu. Wadda tata ta ɗauke da wuri kafin shekara 40 ita ma akwai E28.3 da za a duba. Mai shayarwa ma takan samu bushewa saboda istrojin ya sauka, amma ba N95.2 ba ce tunda ba ta kai ga ɗaukewa ba, na taɓa ganin an sa wa 'yar shekara 26 wannan lambar. A sabon ICD-11 da ya fara aiki a hukumance ranar 1 ga Janairu 2022 cutar tana GA30.2, mu dai a ɗakinmu har yau na 10 ne a kan tebur.

Inda na ɗan tsaya shi ne wacce za ta zama babbar cuta a ziyarar ranar. Abokin aikina ya ce N95.2 tunda ita aka tabbatar kuma ita ce mai yiwuwa ta kawo jinin. Ni na ce a ranar dai jinin ne ya ja sikanin da gwajin bakin mahaifa, kuma likita ba ta ce daga bushewar yake ba, ta ce za a bincika. Muka koma wurinta ta ce jinin ne a gaba har sai ta ga sakamako, don jini bayan ɗaukewar al'ada ba a ɗora shi kan bushewa sai an kore kansar cikin mahaifa, ko ɗigo ɗaya ne. Na sa N95.0 a sama N95.2 a ƙasa. Sikanin ta ciki ya nuna kaurin shimfiɗar mahaifa milimita 3, a ƙasa da 4 ɗin da ake kallo a matsayin iyaka, gwajin bakin mahaifa ma ya fito lafiya, a ziyara ta gaba likita ta rubuta ƙarara cewa jinin daga fatar da ta yi siriri ne, sai N95.2 ta hau sama ita kaɗai. Zafin kwanciya yana da tasa lambar, N94.1, amma ban ƙara ba tunda alama ce ta cutar da aka riga aka kama.

Tsofaffin bakwai ɗin kuwa ban taɓa su ba. Ba a goge fayil, ba a shafa farin fenti, in gyara ne wanda ya rubuta shi zai ja layi ɗaya ya sa hannu da kwanan wata, kuma ba wanda zai iya rantsuwa yau cewa ba ta da cutar fitsarin gaske a ziyarar da ba a yi shuka ba. Sun riga sun shiga taƙaitaccen rahoton wata-wata sun tafi DHIS2, manhajar da ake tara alƙaluman asibitoci, can sama an ƙirga su a matsayin cutar fitsari da kumburi. Wannan shi ke ci min rai, don da lissafin nan ake yanke abin da za a saya a ajiye a famasi. Na ɗauko rajistar shekarar da ta wuce na bi ta da yatsa, N95.2 da ƙyar na gan ta, alhali kullum dattawan mata cike suke da bencinmu. Sakamakon haka man istrojin na gaba da aka rubuta wa Hajiya babu shi a famasinmu, sai da 'yarta ta zagaya PZ da Sabon Gari kafin ta samu. Ga masu inshora ma haka ne, fom ɗin biya yana so cuta da magani su yi daidai, ba za ka rubuta cutar fitsari ka nemi a biya man istrojin ba.

Maganin shi kansa ba wani mai wuya ba ne. An ce ta daina Dettol da bagaruwa da alif da duk wani matsi, tsarki da ruwa zalla mai ɗumi kaɗan, kamfai na auduga, man santsi mai ruwa lokacin kwanciya, sai man istrojin ɗan kaɗan kullum da dare na sati biyu, daga nan sau biyu a sati. Likita ta ja mata kunne cewa ba irin maganin da ake sha kwana biyar a ajiye ba ne, in ta daina abin zai dawo, kuma in ta sake ganin jini ta taho ko ba ranarta ba ce. Kar wata ta karanta wannan ta je kemis ta saya da kanta, musamman wadda ta taɓa yin kansar nono ko take ganin jinin da ba a bincika ba, sai likita ya duba.

Da ta dawo bayan wata biyu ta tsaya a tagata ta ce, 'yata fitsarin nan ya daina cizo, na yi azumin Litinin da Alhamis ban tashi sau biyar da dare ba. Na tambaye ta gida fa, ta yi ƙasa da murya ta ce Sista ta rubuta mata 'yar takarda da Hausa cewa wannan ba cutar da ake ɗauka ba ce kuma ba a ba wani, ta ba maigida ya karanta, ita da kanta ta shiga ɗakin amarya ta ba ta haƙuri. Maganar kwana dai ta ce tana tunani tukuna, ban ƙara tambaya ba.

Na rubuta wa shugaban sashenmu ina neman a yi ɗan hatimi da za a riƙa bugawa a katin duk macen da ta kai 45, layi uku kawai, al'ada tana zuwa ko ta ɗauke, wace shekara, da kanta ko da aiki, sannan takardun lab a riƙa maƙala su a gaba ba a bangon baya ba. Ya ce zai kai wa kwamiti. Kafin nan ni da Sista da biro muke rubutawa a saman katin duk wadda ta biyo ta hannunmu. Fayil ɗin Hajiya na canza masa bango don tsohon ya yage, ranar dawowarta bayan ƙaramar Sallah ce, kuma 'yarta ta ce bututun man da ke hannunsu ba zai kai lokacin ba sai sun sake nema.